Yadda Ake Sauya Fitilun Gida Zuwa Na LED Mataki-Mataki

Na daɗe ina sauya fitilu a gidana da gidajen 'yan'uwa, kuma abin da na lura da shi shi ne cire tsohon ƙwai a ɗaura sabo ba ya cin minti biyu, amma yawancin asarar da mutane ke yi tana aukuwa ne tun kafin a hau tsani, wato a lokacin saye. Mutum zai cika jaka da ƙwayaye iri ɗaya, sai ya dawo gida ya tarar wasu ba sa shiga mazauninsu, wasu haskensu ya yi wa ɗakin kwana kaifi, wasu kuma su mutu cikin 'yan watanni saboda an kulle su a inda zafi ba ya fita. Wannan bayani an tsara shi ne domin wanda bai taɓa yin aikin ba ya kauce wa waɗannan kurakurai.

Abin da ya kamata ka sani game da dalilin sauyin kaɗan ne. Tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki yana ba da haske ne ta hanyar ƙona wayar har ta yi fari, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, kuma yakan yi aiki na kimanin awa 1,000 kafin wayar ta tsinke. Ƙwan LED, wanda ƙananan ɗigon lantarki ke haska shi ba tare da ƙona waya ba, yana ba da haske daidai da nasa da kusan kashi ɗaya cikin shida na wutar, kuma masu ƙera shi sukan rubuta masa rayuwar awa 15,000 zuwa 25,000. Sai dai a gindinsa akwai ƙananan kayan lantarki masu daidaita wutar da ke shiga, kuma su ne suka fi saurin lalacewa idan zafi ya yi musu yawa. Ka riƙe wannan batu na zafi, domin zai dawo a matakai da dama.

Kayan aiki

Kana buƙatar tsani mai ƙafa huɗu wanda ke tsayuwa da kansa, da takarda da biro, da tocila, da testar gwada wuta, da sukudireba mai faɗin baki da mai kan gicciye domin buɗe murfin fitilu, da busasshen ƙyalle, da kwali mai ƙarfi na ajiye tsoffin ƙwayaye, da kuma wayar hannu mai kyamara. Safar hannu tana da amfani idan akwai tsohon ƙwai da ya liƙe a mazauninsa. Tef ɗin awo zai taimaka wajen auna ɗakuna da dogayen fitilu.

Idan babu tsani, a aro, kada a ɗora kujera a kan tebur. Idan dole sai an hau tebur, ya kasance mai ƙarfi ne wanda ba ya girgiɗi, kuma wani ya riƙe shi. Idan babu tef ɗin awo, takun babban mutum mai faɗi yana kusa da mita ɗaya, kuma ya isa ga lissafin da za mu yi. Testa kuwa ba ta da madadi ga duk wanda zai taɓa waya, saboda haka wanda ba shi da ita ya tsaya ga sauya ƙwai kawai, ya bar duk aikin da ya shafi waya ga mai gyaran lantarki.

Mataki na 1: Ƙidaya fitilun gidan

Ka zagaya gidan ɗaki-ɗaki da takardarka, ka rubuta abu biyar game da kowace fitila: inda take, irin ƙwan da ke ciki, yawan wat ɗinsa, irin gindinsa, da kimanin awannin da take yi a kunne kowace rana. Ka ƙara alama idan fitilar tana cikin rufaffen murfi, ko tana waje inda ruwa ke taɓa ta, ko kuma makunninta irin mai juyawa ne wanda ke rage haske da ƙara shi. Ɗaukar hoton rubutun da ke jikin kowane ƙwai ya fi dogaro da ƙwaƙwalwa.

Awannin nan su ne za su nuna maka ta inda za ka fara. Ƙwai mai wat 60 da ke kunne awa 5 kullum yana shan kusan yunit 110 a shekara, yunit ɗaya kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, kuma da shi ake lissafa kuɗin wuta. Ƙwan LED mai wat 9 a wuri guda zai sha kimanin yunit 16, ka ga an rage sama da yunit 90 ke nan daga fitila ɗaya tak. Ka ninka wannan da farashin yunit da ke jikin takardar kuɗin wutarka, za ka ga cikin wata nawa sabon ƙwan zai mayar da kuɗinsa. Fitilar ma'ajiya da ake kunnawa minti biyar a mako ba ta da wannan riba, don haka ina ba da shawarar a bar ta har ƙwanta ya mutu da kansa. A fara da fitilun waje masu kwana a kunne, sai falo da kicin da hanyar shiga ɗakuna.

Idan a gidan akwai ƙwayayen nan masu lanƙwasassun bututu da ake kira masu tsimin wuta, ribar sauya su ba ta kai ta tsoffin ba, domin wanda ke shan wat 14 za a maye gurbinsa ne da mai wat 9. Su ma suna iya jira sai ƙarshe.

Mataki na 2: Zaɓi haske da lumen

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin kuskure. Mun saba cewa ƙwai mai wat 100 ya fi mai wat 60 haske, har muka ɗauka wat ma'aunin haske ne, alhali ma'aunin wutar da ƙwai ke sha ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, kuma ana rubuta shi a jikin kwali da haruffan lm. Tsohon ƙwai mai wat 40 yana ba da kimanin lumen 450, mai wat 60 kimanin lumen 800, mai wat 75 kimanin 1,100, mai wat 100 kuma tsakanin 1,500 da 1,600. Don haka idan kana jin daɗin hasken da ƙwai mai wat 60 ke ba ɗakinka, abin da za ka nema shi ne LED mai lumen 800, wanda yawanci yakan sha wat 8 zuwa 10.

Akwai ɗan lissafi da nake yi a tsaye kafin in biya kuɗi: in raba lumen da wat. Ƙwan LED na kirki yakan ba da lumen 90 zuwa 120 a kowane wat, wasu ma su zarce haka. Idan lissafin ya faɗi ƙasa da 80, ƙwan tsohon ƙira ne ko maras inganci. Idan kwalin bai rubuta lumen ba sam, sai dai ƙaton lambar wat da alkawarin haske mai yawa, ka ajiye shi, domin kamfanin da ya auna kayansa ba ya ɓoye ma'aunin.

Idan ɗakin dama duhu yake yi kana son gyarawa, ka auna tsawonsa da faɗinsa ka ninka, sannan ka ninka abin da ya fito da 150 idan ɗakin zama ne ko na kwana, ko da 300 idan kicin ne ko wurin karatu da ɗinki. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi yana da murabba'in mita 16, saboda haka yana buƙatar kimanin lumen 2,400. Wannan kiyasi ne, kuma bango mai duhun fenti ko rufi mai tsawo sosai yana buƙatar ƙari. Abin da na fi so a irin wannan ɗaki shi ne ƙwai uku masu lumen 800 a wurare daban-daban maimakon ƙato ɗaya a tsakiya, domin ƙaton yana kashe ido ga mai kallon sama, kuma yana jefa inuwar mutum a kan duk abin da yake yi idan ya juya masa baya.

A jikin wasu mazaunan ƙwai za ka ga an rubuta iyakar wat, misali 60. Wannan iyaka ta ainihin wutar da ƙwai ke sha ce, don haka LED mai wat 14 da ke ba da hasken tsohon mai wat 100 bai keta ta ba.

Mataki na 3: Zaɓi launin haske

Farin haske iri-iri ne, kuma ana auna shi da kelbin, wanda ake rubutawa da harafin K. Lamba 2700K zuwa 3000K tana ba da haske mai ɗan rawaya irin na tsohon ƙwai, 4000K fari ne tsaka-tsaki, 6500K kuwa fari ne fat mai ɗan shuɗi-shuɗi. Lambar ba ta da alaƙa da ƙarfin haske, ko da yake ido yakan ɗauka mai shuɗin ya fi haske.

A karon farko da na yi wannan aiki na sayi dozin guda masu 6500K na ɗaura su ko'ina, har da ɗakin kwana. Da daddare na shiga na tarar labulen da ke da launin ƙasa ya koma toka-toka, fuskar duk wanda ya zauna a ƙarƙashin fitilar ta yi fayau kamar marar lafiya, kuma ɗakin ya daina zama wurin da ido ke hutawa. Sai da na cire huɗu na mayar da su gareji da bayan gida. Tun daga nan tsarina shi ne 2700K ko 3000K a ɗakin kwana da falo, 4000K a kicin da banɗaki da teburin karatu, mai 6500K kuma a wurin aikin hannu ko waje idan mutum yana sonsa. Akwai masu son farin haske a ko'ina, kuma wannan zaɓinsu ne, amma ya kamata a sani cewa haske mai ƙarfi mai yawan shuɗi da dare yana iya jinkirta zuwan barci. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne haɗa launi biyu a ɗaki ɗaya, domin rabin bango zai yi rawaya rabi ya yi shuɗi.

Akwai kuma wata lamba da ake rubutawa da haruffan CRI ko Ra, wadda ke nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin abubuwa, kuma ƙololuwarta 100 ce. Kada ka sayi abin da ya gaza 80. Ga wurin da ake zaɓen launin tufafi, ko gaban madubi, ko inda ake zane da ɗinki, mai 90 ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Mataki na 4: Tabbatar da gindi da ƙarfin wuta

Gindin da ake murɗawa mai kauri shi ne E27, siririnsa E14, lambar kuwa faɗinsa ce a milimita. A Amurka da wasu ƙasashe E26 ake amfani da shi. Wanda ake dannawa a ɗan juya, mai ƙusoshi biyu a gefe, shi ne B22. Ƙananan fitilun da ake binnewa a silin sukan zo da GU10 mai ƙafa biyu masu kauri da ake juyawa, ko GU5.3 mai sirara kamar allura da ake turawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka naɗe tsohon ƙwai ɗaya na kowane iri a ƙyalle ka tafi da shi wurin saye, domin bayan gindi za ka kwatanta tsawo da kauri, tunda wasu ƙwayayen LED sun fi tsoffin girma har murfin fitila ya ƙi rufuwa.

Ka duba bolt ɗin da aka rubuta. Wasu ƙasashe suna amfani da bolt 220 zuwa 240, wasu 110 zuwa 127, kuma ƙwan da aka yi wa ƙaramar wuta zai ƙone nan take a babba. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, ko ake amfani da janareta, ka nemi wanda aka rubuta masa faffaɗan zango kamar 100 zuwa 240 ko 85 zuwa 265. Akwai kuma ƙwayaye masu bolt 12 da aka yi domin batir da na'urar hasken rana, waɗanda gindinsu kan zama E27 kamar na sauran, don haka a ware su daban kada a ɗaura su a wutar gida.

Idan ba ka sami gindin da ya dace ba, akwai 'yar mahaɗa mai mayar da B22 zuwa E27 ko akasin haka. Tana aiki, amma tana ƙara wa ƙwan tsawo, kuma maras inganci takan saki. Inda za a daɗe ana amfani, sauya mazaunin ƙwan gaba ɗaya ya fi.

Mataki na 5: Sayi ɗaya ka gwada kafin sauran

Ka sayi ƙwai ɗaya ko biyu na kowane irin da ka zaɓa, ka ɗaura, ka zauna da shi dare biyu ko uku. Ka duba launinsa a jikin bango da fatar hannunka, ka saurara ko yana ƙara, ka buɗe littafi a inda ka saba karatu. Ka kuma kaɗa biro da sauri a ƙarƙashinsa: idan ka ga biron ya rarrabu kamar hotuna da yawa a jere, ƙwan yana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa kai tsaye, kuma irin wannan yana gajiyar da idon wasu mutane har ya sa musu ciwon kai. Kyamarar waya ma takan nuna shi a matsayin baƙaƙen layuka masu gudu a allo, musamman idan aka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya.

Idan ya gamsar da kai, sai ka koma ka sayi sauran daga kamfani ɗaya da samfuri ɗaya, domin ƙwai biyu masu 3000K daga kamfanoni daban-daban sukan ɗan saɓa a launi. Ka ajiye rasit da kwali ɗaya saboda garanti, kuma ka rubuta ranar ɗaurawa da alƙalami a gindin kowane ƙwai. Wannan 'yar ɗabi'a ita ce ta nuna mini a tsawon shekaru wane iri ne ke daɗewa, wane ne ba zan sake saye ba.

Mataki na 6: Cire tsohon, ɗaura sabon

Ka yi aikin da rana. Ka kashe makunnin bango, sannan ka je allon rarraba wutar gidan ka kashe layin fitilun, idan kuma ba ka san wane ne ba ka kashe babban makunnin gaba ɗaya, ka sanar da mutanen gida kada wani ya mayar da shi. Dalilin wannan ƙarin shi ne a wasu gidaje an yi kuskuren ɗaura makunni a kan wayar dawowa maimakon waya mai wuta, ta yadda fitila za ta mutu amma mazauninta yana nan da wuta. Idan akwai inbata ko janareta mai tashi da kansa, shi ma a kashe shi.

Ka bar tsohon ƙwan ya huce na minti biyar zuwa goma, halojin kuma, wato ƙaramin ƙwai mai waya da ya fi sauran zafi, ya fi haka, domin yana ƙona fata. Ka riƙe shi da busasshen ƙyalle, ka murɗa hagu idan E27 ne, ko ka ɗan danna sama ka juya hagu idan B22 ne. Kafin ka sa sabon, ka haska cikin mazaunin da tocila. Idan robarsa ta yi baƙi ko ta tsage, ko ƙarfen ciki ya yi tsatsa, sai an sauya shi, domin sabon ƙwai a ƙonannen mazauni ƙyaftawa zai riƙa yi har ya mutu. Ka ɗaura sabon ta hanyar riƙe gindinsa, ka tsaya da zarar ya zauna, kada ka matse da ƙarfi. Ka goge ƙurar murfin kafin ka mayar da shi, tunda ƙura da matattun ƙwari suna tare haske mai yawa.

Idan gilashin tsohon ƙwai ya fashe gindin ya maƙale, ka tabbatar da testa cewa babu wuta, bayan ka fara gwada testar a soket mai wuta domin ka san tana aiki, sannan ka kama bakin gindin da filaya mai roba a hannu ka juya a hankali.

Mataki na 7: Dogayen fitilu masu cok da sitata

Wannan shi ne ɓangaren da ke buƙatar natsuwa fiye da sauran. Doguwar fitila mai santimita 120 yawanci wat 36 take sha ban da abin da cok ɗinta, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga bututun, ke ci, kuma bututun LED mai wat 16 zuwa 18 yana maye gurbinta. Sai dai ba kowane bututu ne ke shiga kowane gida ba, don haka ka fara gano irin naka.

Idan ka ga ɗan ƙaramin gwangwani a gefen gidan fitilar wanda ake juyawa a cire, wato sitata, kuma fitilar takan yi ƙyafce-ƙyafce kafin ta kama, to cok ɗinka tsohon iri ne mai nauyi. Wannan shi ne mai sauƙi. Ka sayi bututun LED da aka rubuta ya dace da irin wannan cok, wanda yakan zo da tasa sitatar a cikin kwali. Bayan kashe wuta, ka juya tsohon bututun kwata ka zare shi, ka cire tsohuwar sitata ka sa sabuwar, sannan ka ɗaura bututun LED da gefen haskensa yana kallon ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin tsohuwar sitata a ciki, wanda ke sa sabon bututun ƙyaftawa ko lalacewa.

Idan babu sitata kuma fitilar tana kamawa nan take, cok ɗinka na zamani ne na lantarki. A nan ko dai ka sami bututun da kamfaninsa ya bayyana cewa yana aiki da irin wannan cok, ko kuma a cire cok ɗin a haɗa wuta kai tsaye. Wannan na biyu aikin mai gyaran lantarki ne, domin wasu bututun suna karɓar wayoyi biyu ta kai ɗaya, wasu kuma waya ɗaya ta kowane kai, kuma haɗa su ba daidai ba yana iya jawo haɗuwar wayoyi da tartsatsin wuta. Idan an gama, a liƙa takarda a jikin gidan fitilar mai cewa an sauya haɗinta, kada wani ya zo daga baya ya mayar da tsohon bututu.

Idan gidan fitilar ya tsufa, ƙarshensa ya yi rauni ko ya yi tsatsa, ra'ayina shi ne kada a wahala da shi. A cire shi gaba ɗaya a ɗaura doguwar fitilar LED mai haɗe da gidanta, wadda waya biyu ko uku kawai take buƙata.

Mataki na 8: Wuraren da ke buƙatar ƙwai na musamman

Fitila mai rufaffen murfin gilashi ita ce ta fi cin ƙwayayen LED. Na taɓa ɗaura ƙwai mai wat 15 a cikin irin wannan murfi a silin, bai kai wata biyar ba ya fara dusashewa sannan ya mutu. Da na ɓalle farar hularsa na ga robar gindin ta yi rawaya, ɗaya daga cikin ƙananan ɗigon hasken yana da baƙin tabo a tsakiya, ɗan gwangwanin da ke kan allon ciki kuma ya kumbura kamar zai fashe. Tagwayensa da na ɗaura rana ɗaya a buɗaɗɗen wuri yana nan yana aiki. A irin wannan murfi ka nemi ƙwan da aka rubuta ya dace da rufaffen wuri, idan babu ka sa mai ƙarancin wat, ko ka sauya murfin da mai ƙofofin iska.

Makunni mai rage haske yana buƙatar ƙwan da kwalinsa ya nuna yana karɓar ragewa. Ko da an sami irinsa, tsoffin makunnai an yi su ne domin kaya mai nauyi, don haka ƙwai mai wat 9 yakan yi musu kaɗan har ya riƙa rawa ko ƙugi idan an rage shi. Maganin shi ne makunnin da aka ƙera domin LED, ko a mayar da makunni na yau da kullum idan ba a damu da ragewar ba.

Ƙananan fitilun halojin masu gindin GU5.3 suna aiki da bolt 12 ta hanyar ƙaramar taransifoma a cikin silin, kuma da yawa daga cikin waɗannan ba sa tashi sai kayan da ke kansu ya kai wani adadi, misali wat 20. Idan LED mai wat 5 ya ƙi kamawa ko yana ƙyaftawa, taransifomar ce za a sauya da wadda aka yi wa LED. Masu GU10 ba su da wannan matsala tunda wutar gida suke sha kai tsaye, sai dai ka duba faɗin kusurwar haskensu: digiri 36 yana haska wuri ɗaya, digiri 60 zuwa sama yana bazuwa.

Ga banɗaki da waje, ka duba lambar IP a jikin gidan fitilar. IP44 yana jure fantsamar ruwa, IP65 kuma yana hana ƙura shiga yana jure feshin ruwa, shi ne ya dace da bangon da ruwan sama ke duka. Cikin tanda kuwa ba wurin LED ba ne sam, a bar masa ƙwansa mai jure zafi.

Mataki na 9: Idan wani abu ya ƙi daidai

Idan ƙwai ya ƙi kamawa, ka gwada shi a wata fitilar da ke aiki kafin ka yanke masa hukunci, domin sau da yawa laifin na mazauni ne. Idan yana ɗan haske dishi-dishi bayan an kashe shi, yawanci makunnin yana da ɗan fitilar nuni a jikinsa da ke barin wuta kaɗan ta wuce, ko kuma an ɗaura shi a kan wayar dawowa kamar yadda na ambata. Na farkon ana magance shi da sauya makunni, na biyun kuwa haɗari ne da ya kamata mai gyaran lantarki ya gyara ba tare da jinkiri ba. Idan ƙwayaye da yawa suna mutuwa a layi ɗaya, a duba sakin waya da hawan wuta kafin a sake sayen wasu.

Mataki na 10: Tsoffin ƙwayaye

Dogayen bututu da masu lanƙwasassun bututu suna ɗauke da ɗan zaiba, wadda guba ce, don haka ba a fasa su, ba a ƙona su, kuma ba a barin yara su yi wasa da su. Ka mayar da su cikin kwalayen sababbin, ka kai su wurin karɓar sharar kayan lantarki idan akwai, idan babu ka ajiye su a naɗe a inda ba za su faɗo ba har ka sami inda ake karɓa. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da mutane, a buɗe tagogi na kimanin minti 15, sannan a kwashe gilashin da kwali mai kauri, a ɗauke ƙananan ɓarɓashi da tef mai danƙo da jiƙaƙƙiyar takarda, a zuba duka a kwalba mai murfi. Kada a yi amfani da tsintsiya ko injin zuƙe ƙura, domin suna watsa garin cikin iska.

Ƙwan LED ba shi da zaiba, amma idan ya mutu shi ma sharar kayan lantarki ne. Tsoffin masu waya da har yanzu ke aiki kuwa, ka ajiye biyu ko uku domin ma'ajiya da sauran wuraren da ba a cika kunnawa ba, sauran ka naɗe su a takarda kafin ka zubar, saboda hannun mai kwashe shara.